Wi-Fi a kasuwannin kan iyaka: Wa ke riƙe da makullin?

Duk wanda ke zirga-zirga a kasuwannin kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kama daga Illela da Birnin Ƙonni, zuwa Jibiya da Ɗan Isa, har Maigatari da Kamba da Gaya, ya san cewa a yau wayar hannu ta zama aljihun ɗan kasuwa. Da ita ake biyan kuɗin shanu da wake da albasa, da ita ake aika hoton kaya ga abokin ciniki, da ita kuma ɗan canji ke jin yadda Naira ta kwana da Sefa kafin ya buɗe jakarsa. Wannan ne ya sa sabis ɗin intanet shi kansa ya zama haja, inda matasa ke kafa na'urar Wi-Fi a shago ko a kan rufi suna sayar da tikitin awa ɗaya ko na yini, sana'ar da a ƙasashen renon Faransa ake kira Wifi Zone.

Idan dai ba a manta ba, abubuwa uku ne suka kawo mu nan. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Jibiya, lamarin da ya nuna wa jama'a hatsarin dogara da layi ɗaya. A farkon 2023 kuma canjin kuɗi ya haddasa ƙarancin takardun Naira, wanda ya tilasta wa har waɗanda ba su yarda da banki ba komawa ga tiransifa da na'urar POS. Na uku shi ne zuwan intanet na tauraron ɗan'adam. Kamfanin Starlink ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, a Benin a ƙarshen wannan shekarar, a Nijar a watan Maris na 2025, sannan a Chadi a watan Yuli na 2025. Da faranti ɗaya da hasken sola, mutum ɗaya kan iya raba sabis ga layin shaguna guda.

Babu shakka wannan ci gaba ne. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai 'yan kasuwa ke yi ba: wa ke kula da na'urar da kuɗinsu ke bi ta cikinta, kuma ya kulle ta ko bai kulle ba? Wi-Fi ba kamar wayar lantarki ba ce da sai an yanke ta za a sata. Saƙon na tafiya ne a iska, yana ƙetare bango, kuma wanda ke zaune a cikin mota a bakin tasha yana iya kamo shi kamar yadda mai shago ke kamowa.

Abin da ya faru da kamfanin TJX na Amurka, mai manyan shagunan tufafi, ya isa darasi. A 2005 wasu masu kutse suka tsaya daga wajen shagunansa biyu a birnin Miami, suka shiga Wi-Fi ɗinsu wanda ke amfani da tsohon makulli mai suna WEP, makullin da tun a 2001 masana suka nuna cewa ana iya karya shi. Daga nan suka ratsa har cikin manyan kwamfutocin kamfanin. Sai a watan Janairu na 2007 kamfanin ya sanar da duniya, kuma daga baya ya amsa cewa an kwashe bayanan katunan banki sama da miliyan 45. Jagoran ɓarayin, Albert Gonzalez, an yanke masa ɗaurin shekara 20 a 2010. Wato dai ba wata gagarumar dabara ce ta kayar da kamfanin ba, sakaci ne na barin tsohon kwaɗo a ƙofa shekaru bayan an san ya lalace.

A nan Afirka ta Yamma ma an ɗanɗana. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa bin kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet a faɗin duniya tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60, irin waɗanda masana'anta ke sa wa na'ura kafin a sayar. Duk na'urar da mai ita bai canza ba, sai ta zama baiwar masu kutse. Da irin wannan runduna ce wani ɗan Birtaniya, Daniel Kaye, ya kai wa kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya hari har intanet ya yi ta ɗaukewa a ƙasar, kuma wata kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32 a farkon 2019. Haka nan a 2018 an gano wata ɓaraka a na'urorin MikroTik, waɗanda masu sayar da tikiti da yawa ke amfani da su. Kamfanin ya fitar da gyara a watan Afrilu, amma saboda mutane ba su sabunta manhajar na'urorinsu ba, kafin ƙarshen watan Agusta an kame sama da dubu 200, akasarinsu a Brazil. Masu iya magana dai sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, don kada a tsorata jama'a ba gaira ba dalili. Manhajojin bankuna da na kamfanonin tura kuɗi suna rufe saƙonsu da nasu makullin, saboda haka wanda ya shiga Wi-Fi ɗinka ba lalle ba ne ya karanta lambar sirrinka ta banki kai tsaye. Hatsarin yana wani wajen. Wanda ya ƙwace na'urar rarrabawa yana iya karkatar da kai zuwa shafin bogi mai kama da na banki. Yana iya leƙa kyamarar shagonka ya ga inda kake ajiye kuɗi da lokacin da kake tashi, ko ya shiga kwamfutar da ke ɗauke da lissafin bashi da lambobin abokan cinikinka. Akwai kuma dabarar tagwaye, inda ɓarawo ke kafa tasa na'urar ya sa mata suna iri ɗaya da na wadda aka saba, waya ta hau da kanta, sai a nuno shafin da ke neman lambar waya da kalmar sirri. A 2024 'yan sandan Ostireliya sun gurfanar da wani mutum da ake zargi da yin haka a filayen jiragen sama da cikin jirage.

To, mene ne wajibin mai kula da na'ura? Na farko, ranar da aka kafa ta a ranar za a canza suna da kalmar sirrin shiga cikinta, a kuma rufe hanyar sarrafa ta daga nesa in ba dole ba. Na biyu, a sa makullin WPA2 wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018 idan na'urar na ɗauka. Wadda ba ta san komai ba sai WEP, a yi ritayarta. Na uku, a kashe tsarin WPS, domin tun a 2011 aka gano cewa lambobinsa 8 ana iya cinko su da gwaji kusan dubu 11 kacal. Na huɗu, a daina sa lambar waya a matsayin kalmar sirri. Lambar Nijar lambobi 8 ce, ta Nijeriya kuma kowa ya san farkonta, kuma kwamfuta mai ƙarfi tana iya gwada su duka cikin ƙanƙanin lokaci. Jimla mai tsawo ta kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna ta fi amfani, kuma a canza ta duk lokacin da yaron shago ya bar aiki.

Na biyar, wanda shi ne ya fi shafar kasuwa, a raba hanya. Sabis ɗin tikiti yawanci a buɗe yake, tikitin kuɗi yake karɓa ba tsaro yake bayarwa ba. Don haka na'urar POS da kyamara da kwamfutar lissafi su kasance a nasu layin mai makulli, masu sayen tikiti a nasu, tare da kunna tsarin da ke hana wayar wani ganin ta wani. Na shida, a riƙa sabunta manhajar na'ura. A 2017 wani mai bincike a Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya nuna cewa WPA2 ɗin ma yana da rauni, kuma maganin shi ne sabuntawar da kamfanoni suka fitar.

Shi kuma ɗan kasuwa, kamar yadda ba zai ɗauki maigadi bai san asalinsa ba, haka bai kamata ya ɗora dukiyarsa a kan sabis ɗin da bai san mai shi ba. Idan kuɗi mai yawa za a tura, a kashe Wi-Fi a yi amfani da datar layin waya. Duk shafin da ya nemi lambar katin banki, ko BVN, ko lambar da aka turo ta saƙon tes kafin ya ba da sabis, yana iya zama na ɓarayi.

Dalilin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a kan iyaka shi ne wahalar bin sawu. Nijeriya na da dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, Nijar ma tana da tata ta 2019, amma kowace a ƙasarta take aiki. Wanda aka cuta a Illela, kuɗinsa na iya zama Sefa a Ƙonni kafin la'asar, kuma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 da ficewar Nijar daga ECOWAS a watan Janairu na 2025, hulɗar hukumomin ƙasashen biyu ba ta kai ta da ba. Saboda haka ya rage ga shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin 'yan canji da na masu POS su san duk mai sayar da sabis a kasuwarsu, su rubuta sunansa da sunan na'urarsa, su kuma nemo masani amintacce ya riƙa duba na'urorin lokaci zuwa lokaci, kamar yadda suke haɗa kuɗin masu gadin dare. Kuɗin wannan aiki bai kai ribar buhu kaɗan ba, asarar da yake karewa kuwa tana iya cinye jarin mutum gaba ɗaya. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, amin.