Leƙen Duniya: Mutanen Biyetnam da Kakanninsu

A wannan wata mun leƙa ƙasar Biyetnam, wadda take kudu da ƙasar Sin. Kowace shekara, ran 10 ga wata na 3 bisa lissafin watansu, jama'a sukan yi tururuwa zuwa wani dutse a lardin Fu To, su hau har haikalin sarakunan Hung, waɗanda suke ɗauka su ne kakannin al'ummar duka. Sukan kai turare da furanni da shinkafa mai danƙo da aka dafa cikin ganye. Tun 2007 ranar ta zama hutu a ƙasar, a 2012 kuma UNESCO ta lasafta al'adar cikin gadon 'yan adam. Masu yawon buɗe ido ma ba a bar su a baya ba.

Amma tushen abin yana cikin gida. Yawancin gidaje suna da bagade inda ake ajiye hotunan iyayen da suka rasu. In ranar mutuwar ɗayansu ta zagayo, iyali su taru, a yi girki, a ƙone kuɗi da riguna, har gida da mota, duka na takarda, wai don su isa wurin mamacin. Abin ya yi yawa, har a 2018 shugabannin addinin Buda na ƙasar suka roƙi a daina wannan ƙone-ƙone a haikalansu.

Ga masu bi na can, zancen ba wasa ba ne, gama babban ɗa ne yake riƙe da bagaden. In ya tuba ya ƙi, sai dangi su ce ya yar da ubansa. A 1965 bishop-bishop na Katolika suka yarda a girmama kakanni, muddin ba sujada ba ce. Sauran ikkilisiyoyi da yawa kuwa ba su yarda da bagaden ba. Mu riƙa tunawa da su cikin addu'a.

To, 'yan'uwa, kafin mu yi musu dariya, mu dubi namu. Sau nawa tsohuwa takan rasa kuɗin magani, amma ran jana'izarta a yanka sa, a ɗinka anko? Doka ta biyar ba ta ce a jira sai an rufe kabari ba. Wanda nasa suke da rai, ya je ya gaishe su watan nan, kada kuma ya tafi hannu wofi.