Wata 16 iyaka tana kulle, su kuwa suna rabon kujera

Jama'ar bakin iyaka, mutanen Gaya da Dogon Dutsi, na Ƙonni da Madawa, na Gidan Rumji, Madarumfa da Ɗan Isa, na Matamaye, Magarya da Dungas.

Ranar Lahadi 21 ga watan Fabrairu 2021 za ku koma rumfar zaɓe, zagaye na biyu. Kafin ranar, motoci masu lasifika za su zagayo garuruwanku, su ce muku ɗan takarar Tarayya gogagge ne a harkokin waje, ya san Faris, ya san Washinton, manyan duniya suna ɗaukar wayarsa. To madalla. Sai dai ku ne kuka fi kowa cancantar auna wannan gogewa, don duk faɗin Nijar babu wanda harkar waje ta shafa kamar ku. Mutumin Yamai a talabijin yake ganinta. Ku kuwa tana cikin kuɗin tiyar gero, tana cikin canjin naira da sefa, tana cikin buhun albasar da ya ruɓe a mota, da bikin ɗiyar ƙanwarku a Jibiya da kuka kasa zuwa sai ta hanyar daji. Iyakarmu da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1500, kuma kusan duk tsawonta dangi ne a hayin nan, dangi a hayin can.

Bari mu fara da kujerar kanta. Daga 2011 zuwa 2018, mutum huɗu aka naɗa a kujerar ministan harkokin waje. Bazum Mohamed ya riƙe ta daga Afrilu 2011 zuwa Fabrairu 2015, aka ɗauke shi aka kai fadar shugaban ƙasa don shirin zaɓen 2016. Aishatu Bulama Kane ta gaje shi, ta yi shekara ɗaya da ƴan makonni, aka mayar da ita ma'aikatar tsare-tsare. Me ya sa aka tashe ta? Duba wanda aka ba wurin. Ibrahim Yakuba ɗan Tarayya ne, mataimakin daraktan fadar Shugaba Isufu, har rikicin cikin gida ya sa jam'iyyar ta kore shi a 2015. Ya kafa Kishin Ƙasa, ya tsaya takara a 2016, ya zo na biyar, ya mara wa Isufu baya a zagaye na biyu. Watan Afrilu bai ƙare ba sai ga shi ministan harkokin waje. Mutumin da suka ce bai isa ya zauna cikin jam'iyyarsu ba, cikin wata takwas ya isa ya zama bakin Nijar a gaban duniya. Shekara biyu bayan nan, a Afrilu 2018, aka ce ya ajiye aiki, kuma saɓanin a kan sha'anin zaɓe ne, bai da haɗi da wata ƙasar waje. Aka ɗauko Kalla Hankurau, ɗan gida, aka ɗora.

Ku lura da kyau. A duk wannan shiga da fita, ba a taɓa gaya muku cewa an cire wane don ya kasa sasanta wata matsala ta iyaka ba, ko an kawo wane don ya san Abuja da Kwatano. Lissafin ƙuri'a ke kawo mutum, lissafin ƙuri'a ke fitar da shi. Alhali zumunta a ƙafa take, kuma tsakanin ƙasashe ma haka ne. Takwaranku na Najeriya, Geoffrey Onyeama, ya hau kujerarsa a Nuwamba 2015, kafin 2018 ta ƙare ya gaisa da ministocinmu uku. Wanda ya fara sabawa da shi sai a ce masa an canza, a sake gabatar da takardu tun daga farko.

Wannan ɗabi'a ba yau ta fara ba. Dattawa cikinku suna tune da 1993, lokacin da Tarayya ta shiga ƙawancen AFC, Mahaman Usman ya zama shugaban ƙasa, Mahamadu Isufu ya zama firaministansa. A Satumba 1994 Isufu ya ajiye muƙami, Tarayya ta sauya sheƙa ta koma wajen Nasara, jam'iyyar da suka haɗu don kayarwa. A gwamnatin da aka kafa a Fabrairu 1995, wadda ta shafe shekara tana ja-in-ja da shugaban ƙasa har kan naɗin muƙamai, wa ke riƙe da harkokin waje? Bazum. Rikicin ya buɗe wa soja ƙofa, Ibrahim Ba'are ya yi juyin mulki ranar 27 ga Janairu 1996. Kuma a gwamnatin farko da soja suka kafa, Bazum ya ci gaba da zama a kujerarsa har watan Mayu. Wannan ma yana cikin gogewar da ake yi muku talla, sai dai masu lasifika ba sa kaiwa nan.

Yanzu mu zo 2019, shekarar da ba za ku manta ba.

A ƙarshen Janairu 2019 abu biyu suka faru. Gwamnonin Maraɗi da Damagaram suka tsallaka Kano, suka bayyana a taron yaƙin neman zaɓen Shugaba Buhari, har ƴan adawar Najeriya suka yi ta ƙorafi. Manyan wakilan gwamnati ke nan suka sa ƙasarmu cikin siyasar cikin gidan maƙwabciya, ana ganin an sayi alheri. A daidai kwanakin nan kuma, a Yamai, aka sallami ministan kuɗi Hasumi Masa'udu, sakataren jam'iyyar Tarayya, wanda kowa ya san yana hangen kujerar da ake tanadar wa Bazum. Ma'aikatar kuɗi ita ke riƙe da duwan. Ma'aikatar cikin gida, mai riƙe da ƴan sandan iyaka, tana hannun Bazum, wanda aka tsayar ɗan takara tun ƙarshen Maris 2019, shekara ɗaya da wata tara kafin zaɓe. Ka ga ma'aikatu biyu da suka fi kusa da iyaka, ɗaya an tsige shugabanta saboda faɗan gado, ɗaya shugabanta ya shiga yawon neman ƙuri'a.

A ƙarshen Yuni, a Abuja, aka naɗa Isufu shugaban CEDEAO. Ranar 7 ga Yuli, Yamai ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka, aka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta nahiyar, wadda Isufu ne jagoranta, Buhari ya sa hannu a nan cikin Yamai. An gina otal-otal, an gyara filin jirgi, an yi ta tafi. Ba a yi wata biyu ba, a Agusta, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa.

Abin da ya biyo baya ku kuka gan shi da idonku, ba sai an ba ku labari ba. Kamiyo-kamiyo sun yi layi a Ɗan Isa da Ƙonni da Gaya har direbobi suka sayar da abin da ke hannunsu don su ci abinci. Albasar Galmi, wake, riɗi da aya suka rasa babbar kasuwarsu. Mai kiwon da ya saba kora bisashensa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya koma sayarwa a gida, a kan kuɗin da dillali ya ga dama. Masarar da ke shigowa daga Dawanau ta yi tsada. A Nuwamba Najeriya ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ɗan kabu-kabu ya ji a jikinsa. Hanyar daji ba ta rufu ba, kuɗinta ne ya ninka, kuma kun san aljihun da yake shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za su ce muku Najeriya ƙasa ce mai cin gashin kanta, ba wanda zai tilasta mata. Gaskiya ne. Kukan Abuja a kan shinkafar waje ne da ke sauka Kwatano, da man fetur da ke fita, da makamai. Amma wake da shanu da albasa ba daga Tailan suke zuwa ba, amfanin ƙasarmu ne, kuma a lokacin dokokin CEDEAO sun ba su hanya, kamar yadda yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan yankin izinin kai da komo. Aikin mai harkokin waje ke nan: ya zauna a Abuja ya ƙi tashi, har a raba kayan gonarmu da kayan fasa-ƙwauri. Kayan aikin ma suna nan. Tun 1971 akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, kuma ofishinta a Yamai yake, ba sai an hau jirgi ba. An yi zama a Abuja a Nuwamba 2019 tsakanin Najeriya, Benin da Nijar, aka amince da sintirin haɗin gwiwa, aka watse, ƙofa tana kulle. Isufu ya gama wa'adinsa na shugaban CEDEAO, ya miƙa wa shugaban Ghana a Satumba 2020, ƙofa tana kulle. Nijar ta hau kujera a kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a Janairu 2020, aka yi ta murna a rediyon gwamnati, ƙofa tana kulle.

Za su kuma ce korona ce. Korona ta iso mu a Maris 2020. Iyaka ta riga ta yi wata bakwai a rufe kafin nan.

Sai ranar 16 ga Disamba 2020, saura kwana 11 zagayen farko, Abuja ta sanar da buɗe ƙofa huɗu, biyu a wajenmu: Illela da Maigatari. Jibiya ba ta cikin jerin, Kamba ma haka. Ma'ana Maraɗi, cibiyar kasuwancin ƙasar nan, da Gaya, ba su samu komai a sanarwar ba. Duk da haka wasu sun zo suna neman ku gode musu.

Kada ku ɗauka cewa gwamnatin nan ba ta iya sauri ba. Ta iya, idan mai buƙatar ya isa. Da Turai ta so a tare hanyar Agadas, a Mayu 2015 aka kafa dokar hana safarar baƙin haure, kuma daga 2016, Bazum yana ministan cikin gida, aka shiga kama direbobi ana ƙwace motoci. Da Faransa da Amurka suka so wurin ajiye jirage da sojoji, sun samu a Yamai da Agadas, kuma da yawan ƴan Nijar sai bayan harin Tongo Tongo na Oktoba 2017 suka san yawan sojan Amurka da ke ƙasarsu. A nan babu saɓani tsakanin manya, babu jinkiri. Mu kuwa a kudancin Maraɗi, tun 2019 dubban ƴan'uwanmu daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka gudo mana, ƴan bindiga suka biyo su, satar shanu da satar mutane suka shigo Gidan Rumji da Madarumfa. Wannan ma harkar waje ce, kuma sai da amana mai ɗorewa tsakanin hukumomin ƙasashen biyu take warwaruwa.

Ga shi a 2021 an sake buɗe kasuwar. Bazum ya samu kashi 39 cikin ɗari a zagayen farko, Mahaman Usman kashi 17. Wato mutum shida cikin goma ba su zaɓi ɗan takarar gwamnati ba. Sai ga Saini Umaru da Albade Abuba sun bayyana goyon bayansu gare shi. Waɗannan biyun ku kun san su: sun yi shekaru suna faɗa a kan jam'iyyar Nasara har gaban alƙali, har Albade ya fita ya kafa Jamhuriya. Saini kuwa shi ne madugun adawa, kafin a 2016 ya shiga gwamnati a ƙirƙiro masa muƙamin babban wakilin shugaban ƙasa. A 2021 sai ga su inuwa ɗaya. Ku tambayi wakilansu in sun zo garinku: a cikin abin da aka sasanta, akwai layi ɗaya da ya ambaci ƙofar Jibiya? Kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Gwamnatin da aka haɗa da irin wannan ciniki, ranar da aka rantsar da ita za ta fara biyan bashi, da ma'aikatu da ofisoshin jakadanci.

Wani zai ce, ai ku ma a wajenku akwai waɗanda suka taɓa zama da Tarayya. Akwai. Hama Amadu ya mara wa Isufu baya a 2011 kafin su raba gari a 2013, kuma Ibrahim Yakuba da muka ambata a 2021 yana wannan ɓangaren. Sauya sheƙa ba gadon gida ɗaya ba ne a siyasar Nijar. Shi ya sa ba mu ce ku dogara da halin mutum ba, ko namu ne. Amma shekara goma, har zuwa 2021, hatimi yana hannun jam'iyya ɗaya, ita ke naɗawa, ita ke tsigewa, kuma ita za ku yi wa hisabi ranar Lahadi.

Matsayinmu a fili yake, ku riƙe mu da shi. A fitar da kujerar harkokin waje da jakadancin Abuja da ƙaramin ofishinmu na Kano daga cikin kayan rabo, a ba ma'aikatan da suka san aikin, a bar su su daɗe. A tayar da hukumar haɗin gwiwar nan ta 1971, a sa wakilan ƴan kasuwa, makiyaya, direbobi da sarakunan bakin iyaka cikin zamanta, don su suka san wace hanya ce ke ciwo. Duk yarjejeniyar da ta shafi sojan waje ko iyaka ta bi ta majalisar dokoki, a karanta ta da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu a rediyo. Kuma tafiyar farko ta sabon shugaban ƙasa ta zama Abuja, da maganar Jibiya da Kamba a saman takarda.

Wanda katinsa na zaɓe yake hannun wani, ya karɓo tun yau. Wanda ɗansa ke ci-rani a Kano ko Katsina, ya aika masa ya dawo kafin Asabar. Mata ku fito da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Ku dangwala wa Mahaman Usman Nafarko, kuma in an rufe rumfa kada ku watse, ku tsaya a ƙirga a gabanku, wakilinku ya karɓi takardar sakamako da sa hannu kafin ya bar wurin.