Firam ɗin kabon ba na hanyar Kebbe ba ne

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce mai neman keken shiga daji ya sayi mai firam ɗin kabon, wai ƙarfe tsohon yayi ne. Ban yarda ba.

Gaskiya ne kabon ba nauyi, da irinsa ɗan tseren keke Nino Schurter ya ci zinare a gasar Olympics ta Rio a 2016. Amma shi makanikai na biye da shi. Yaron da zai taso daga Tambuwal ya ratsa yashi da kwazazzabai zuwa Kebbe, wa ke gare shi? Kabon zare ne aka haɗa da danƙo. In ya daki dutse yakan tsage ta ciki, ido bai gani ba, kuma ba a yi masa walda. Alminiyum ma sai walda mai iskar argon, ba kowane shago ke da ita ba.

Ƙarfe kuwa sai ya lanƙwasa kafin ya karye. Kana ta nanata bambancin kilo ɗaya ko biyu, ni kuwa da idona na ga mai walda a bakin tasha ya ɗinke firam ɗin tsohon Raleigh, mai shi ya ɗaure buhun gero a kariya, ya hau ya wuce.