Kai intanet mai sauri a karkara: wa ke biya, ina aka kwana?

Wayar salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000. A yau da wuya a samu kasuwar ƙauye da babu mai riƙe da ita. Amma kiran waya daban, intanet mai sauri daban. Intanet mai sauri ita ce ke ba mutum damar aika murya, hoto da bidiyo ba tare da dogon jira ba. A shekara ta 2023, masu amfani da intanet a Nijar ba su kai mutum 1 cikin 4 ba, kuma akasarinsu mazauna birane ne. Gwamnati da abokan hulɗarta sun zuba kuɗi masu yawa domin cike wannan giɓi. Ya kamata mutanen karkara su san inda kuɗin suke fitowa da abin da aka yi da su, domin dukiyar jama'a ce.

Don mi kamfanoni ba su zuwa ƙauye da kansu?

Kamfanonin waya kamar Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom kasuwanci suke yi. Kafin su kafa ƙarfen rezo a wani wuri, sai sun yi lissafi: nawa za a kashe, nawa za a samu. A birni, ƙarfe ɗaya yana ɗaukar dubban mutane masu sayen kati kullum. A ƙauye mai nisa, jama'a kaɗan ne, kuɗin hannunsu ba yawa, hanya ba kyau, kuma babu wutar lantarki. Dole kamfani ya sa inji ko allunan hasken rana, ya biya mai gadi, ya riƙa aiko masu gyara daga nesa.

Ga kuma faɗin ƙasa. Nijar tana da murabba'in kilomita 1.267.000, kuma fiye da mutum 8 cikin 10 a karkara suke zaune. Ba ta da bakin teku, alhali manyan igiyoyin intanet na duniya ta ƙarƙashin teku suke bi. Sai an jawo su ta ƙasashen maƙwabta, kamar Benin da Najeriya, sannan su iso mana. Wannan yana ƙara tsada. Saboda haka, in an bar kasuwa ita kaɗai, ƙauyuka da yawa za su daɗe suna jira.

Ina kuɗin suke fitowa?

Hanya ta farko ita ce asusun kai sadarwa ga kowa. Dokar sadarwa ta shekara ta 1999 ce ta tanade shi. Kowane kamfanin waya yana zuba wani kaso na cinikinsa na shekara a cikin asusun, domin a taimaka wa yankunan da babu riba. Cinikin kamfani kuwa daga aljihun masu sayen kati yake fitowa. Ke nan duk wanda ya taɓa sa kuɗi a wayarsa yana da hannu a wannan asusu. A shekara ta 2017 aka kafa hukumar ANSI, aka ɗora mata nauyin yaɗa sababbin hanyoyin sadarwa a ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce tallafi da bashi daga manyan bankunan raya ƙasa. A shekara ta 2020, Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 domin shirin ƙauyukan zamani, wanda aka tsara don kai rezo da intanet a ƙauyuka fiye da 2000, tare da sauƙaƙa aika kuɗi da karɓarsu ta waya. Wani kashi na kuɗin kyauta ne, wani kashi bashi ne da ƙasa za ta biya nan gaba.

A irin wannan shiri, gwamnati ba ita ke kafa ƙarfe da kanta ba. Tana haɗa ƙauyuka rukuni-rukuni, ta kira kamfanoni su yi takara. Wanda ya nemi tallafi mafi ƙanƙanta kuma ya cika sharuɗɗa, shi ake ba aikin. Kamfani ya sa nasa kuɗi, gwamnati ta cika abin da ya rage, bisa alkawarin zai ci gaba da aiki a wurin na tsawon shekarun da aka rubuta.

Babbar igiya mai ratsa Sahara

Ƙarfen rezo na ƙauye yana buƙatar babbar hanya da za ta haɗa shi da sauran duniya. Wannan hanya ita ce igiyar gilashi da ake binnewa a ƙasa. A cikinta akwai zaruruwa sirara kamar gashin kai, haske ne ke ɗaukar saƙo a cikinsu.

A shekara ta 2016, Bankin Raya Afirka ya amince da taimaka wa aikin babbar igiya mai ratsa Sahara. Kason Nijar ya kai kilomita 1031, a kan kuɗi wajen miliyar 28 na sefa. An shimfiɗa ta a hanyoyi 5: Arlit zuwa Asamaka da iyakar Aljeriya, Difa zuwa Ngigmi da iyakar Cadi, Damagaram zuwa Magarya da iyakar Najeriya, Yamai zuwa Doso, Gaya da iyakar Benin, Yamai zuwa Makalondi da iyakar Burkina Faso. A watan Nuwamba na 2025 aka yi bikin karɓar aikin. Amfaninsa shi ne ƙasa ta samu ƙofofi da yawa: in igiya ta tsinke ta wani gefe, saƙo ya bi ta wani.

Daga 2016 zuwa 2025 shekara 9 ke nan. Manyan ayyuka suna ɗaukar lokaci, kuma al'amuran siyasa suna shafarsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Bankin Duniya ya dakatar da fitar da kuɗin ayyukansa a Nijar har zuwa cikin 2024. A watan Maris na 2025 kuma kamfanin Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a ƙasa. Ba ya buƙatar igiya, amma kayansa da kuɗin wata sun fi ƙarfin magidanci ɗaya a ƙauye. Ya fi dacewa da asibiti, makaranta ko ƙungiya.

Abin da ya rage bayan an kafa ƙarfe

Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Zuwan rezo ba ya wadatarwa in ba a samu abubuwa 4 ba.

Na farko, wuta. A duk faɗin ƙasa, kusan mutum 1 cikin 5 ne ke da wutar lantarki, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Waya ba caji ba ta da amfani.

Na biyu, farashi. Babbar waya mai ɗaukar intanet da kuɗin mega suna da nauyi ga manomi, musamman lokacin da rumbu ya ƙare. Mata ne suka fi rashin wayar kansu.

Na uku, gyara. Ƙarfen da batir ɗinsa ya mutu ko aka sace allunansa, tsayuwa kawai yake yi. Tallafin kafawa sau ɗaya ake ba da shi, gyara kuwa na kowace shekara ne.

Na huɗu, karatu. A shekarun 2009 da 2010, a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Doso da Damagaram, an gwada koya wa ɗaliban yaƙi da jahilci amfani da salula a cikin darasinsu. Binciken da malama Jenny Aker da abokan aikinta suka yi ya nuna waɗannan ɗalibai sun fi sauran ƙoƙari a rubutu da lissafi. Wani bincikenta na kasuwannin hatsi, daga 2001 zuwa 2006, ya nuna zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Mai iya karanta lamba da saƙo ba a cika cutarsa ba wajen aika kuɗi ko sayar da amfanin gona.

Mi jama'a za su iya yi?

Ku tambayi mai gari da shugabannin ƙaramar hukuma ko ƙauyenku yana cikin jerin waɗanda za a kai wa rezo, wane kamfani aka ba aikin, kuma yaushe ya kamata a gama.

In an kafa ƙarfe ya daina aiki, ku rubuta ranar da ya tsaya da yawan kwanakin da ya yi. Ku kai takardar ga ƙaramar hukuma domin ta isar ga kamfanin da kuma hukumar ARCEP, wadda ke sa ido a kan kamfanonin waya. Ƙara a rubuce, da sa hannun mutane da yawa, ta fi maganar baki nauyi.

Ku kafa kwamiti, maza da mata, da zai kula da kayan da aka kawo. Ƙungiyoyin mata da na manoma suna iya haɗa kuɗi su sayi babbar waya ɗaya da allon caji, su riƙa amfani da su tare wajen jin farashin kasuwa da neman shawarar malaman gona.

Ɗaliban yaƙi da jahilci kuma su roƙi malaminsu ya sa darasin waya a cikin karatu: rubuta suna da lamba, karanta saƙo, duba kuɗin da ya rage, da ɓoye lambar sirri. Bashin da aka ci domin waɗannan ayyuka ƴaƴanmu ma za su biya shi. Hakkin kowa ne ya bi sawu har aikin ya iso ƙauyensa kuma ya ɗore.