Yaron da ya iya ba da canji amma karatu ya gagare shi

A shirinmu na rediyo wata uwa mai sayar da albasa a kasuwar Gaya ta bugo waya tana kukan ɗanta. Ya maimaita CP, ga shi a CE1 bai iya haɗa baƙi biyu ba, mushe ya ce daƙiƙi ne, uban ya ce a fidda shi lakwal ya je bakin ruwa ɗaukar kaya. Amma yaron nan, in ji ta, shi ke riƙe mata kuɗi, yana juya naira zuwa sefa da ka, ƴan Kamba ma ba su iya cutarsa.

To jama'a, yaro irin wannan ba daƙiƙi ba ne, ba kuma sammu aka yi masa ba. Ana iya samun lalurar da likitoci ke kira disleksiya. Idonsa lafiya, hankalinsa lafiya, sai dai ƙwaƙwalwarsa na shan wahalar haɗa sauti da harafi. Tun 1896 wani likitan Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira da ya iya lissafi, karatu kuwa ya gagare shi. Masana na cewa yara 5 zuwa 10 cikin 100 na da ita, kuma tana bin dangi. Ke nan aji mai ɗalibai 60 da wuya ya rasa uku.

A nan wajenmu nauyin biyu ne. Yaro ya tashi da Hausa ko Dandanci ko Zabarmanci, ranar farko a CI a tare shi da Faransanci, harshen da sauti ɗaya ake rubuta shi o, au, eau. Mu da muka kai har bak ma mun ji jiki da dikte. Hausa kuwa kusan yadda ake faɗi haka ake rubutawa, kuma Nijar ta gwada koyarwa da ita tun 1973 a Damagaram.

Bulala ba ta maganin wannan, ba a kuma sayar da ƙwayarsa a kanti. Abin da ke aiki shi ne koyar da sauti ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kullum: yaro ya faɗa, ya rubuta a ƙasa da yatsa, ya sake. Mushe ya zaunar da shi gaba, ya daina tsayar da shi karatu ƴan aji na dariya, ya ƙara masa lokaci, wani jiƙon ya tambaye shi da baki.

Iyaye mata, ku ke sayen littafi da alli daga ribar tire. Kuna da kujera a kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata. Kafin ku yarda a fidda yaro, ku fara kai shi a duba ido da kunne, sannan ku samu darakta ku tambaye shi wane harafi ne ke kayar da ɗanku. Inspeksiyon Gaya kuma muna roƙonta ta sa wannan magana cikin taron horar da malamai na bana, ta fara da masu riƙe da CI da CP.