Mai hannun jari, ka nemi a buɗe maka littafin kamfani

Tun daga watan Maris na 2024, da Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jari, har ya ce masu hulɗa da ƙasashen waje sai sun kai naira biliyan 500, tallar hannun jari ta sake yawaita. Babu laifi kamfani ya nemi kuɗin jama'a. Sai dai duk kamfanin da ya shiga kasuwar hannayen jari, dukiyar dubban mutane ce aka damƙa wa 'yan tsiraru amana, kuma haƙƙin mai dukiya ne ya san yadda ake juya ta.

Mun riga mun ɗanɗana kuɗar rufa-rufa. A 2006 aka gano cewa kamfanin Cadbury na Najeriya ya yi shekaru yana kumbura lissafinsa, da abin da ya haura naira biliyan 13. Shugaban kamfanin da daraktan kuɗi suka rasa kujerunsu, sannan a 2008 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari ta ci tarar masu binciken kuɗin da suka sa hannu a kan lissafin. Wanda ya sayi hannun jari bisa ribar da aka rubuta masa, ashe cinikin biri a sama ya yi.

Na bankuna ya fi muni. Lokacin da gwamnan Babban Banki na wancan lokaci, Charles Soludo, ya ɗaga jarin bankuna zuwa naira biliyan 25, malaman makaranta da 'yan kasuwa da 'yan fansho sun zuba abin da suka tara. A watan Agusta na 2009, magajinsa Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, Intercontinental da Oceanic da Union da Afribank da Finbank, aka zuba naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Me aka tarar a ciki? Basussukan da ba a biya amma aka ɓoye su, da rance ga makusanta, da kuɗin masu ajiya da aka riƙa bayarwa don a sayi hannun jari farashi ya tashi. A 2010 kotu ta ɗaure Cecilia Ibru ta Oceanic wata shida, ta kuma ƙwace kadarori na biliyoyin naira. Masu ajiya sun tsira, amma ƙananan masu hannun jari sun tashi da takardun da darajarsu ta zube.

Yau doka ba ta yi ƙaranci ba. Akwai ƙa'idar tafiyar da kamfanoni ta 2018. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana mutum ɗaya ya haɗa shugabancin hukumar daraktoci da na gudanarwa a kamfanin jama'a, ta kuma ba masu hannun jari kujeru uku cikin biyar a kwamitin binciken kuɗi. Matsalar ita ce aiki da dokar. Rahoton shekara kan zo da ɗaruruwan shafuka cikin Turancin akantoci, alhali abin da ya fi muhimmanci, wato cinikin da kamfani ya yi da daraktocinsa da iyalansu, yana can ƙarshe inda ba kowa ke dubawa ba. Taron shekara kuma yakan zama wurin tafi da karɓar tsaraba.

A ganina, ya kamata SEC da kasuwar hannayen jari ta NGX su wajabta taƙaitaccen bayani cikin harshe mai sauƙi, har da Hausa da Yarbanci da Ibo: nawa aka samu, nawa ake bin kamfani, wane darakta ya ci rance, nawa shugabanni ke ɗauka. Wanda aka kama da ƙarya, tarar ta fita daga aljihunsa, ba daga asusun kamfani ba, domin wannan asusun na waɗanda aka cuta ne.

Kai kuma mai hannun jari, ka karanta rahoton, ka halarci taro, ka yi tambaya, ka zaɓi masu ilimin lissafi su wakilce ka a kwamitin bincike. Kamfanin da ya ƙi ba ka amsa bai cancanci kuɗinka ba.