Koyar da lafiyar jiki da haihuwa a makarantun sakandare: ina aka kwana?

Ya kai mai karatu, idan kana da 'ya a kwalejin Yauri ko na Matameye, wannan batu ya shafe ka kai tsaye. Shin ya kamata hukuma ta wajabta koyar da ilimin balaga da haihuwa, bisa gaskiyar da likitoci suka tabbatar, a makarantun gwamnati?

Tambayar ta daɗe a Nijar. A shekarar 2006 ƙasar ta kafa dokar lafiyar haihuwa. Amma a 2014 gwamnati ta janye darussan da aka tanadar wa 'yan sakandare kan wannan fanni, bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun ce sun saɓa wa tarbiyya. Haka ma a Najeriya, a 2022, ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya ba da umarnin cire irin wannan darasi daga manhajar ilimin tushe.

To, mene ne farashin shirun? Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin 15. Ke nan yarinyar da ke aji yau, gobe tana iya zama amarya. Idan ba ta san cewa fara haila ba ya nufin ƙugunta ya gama girma ba, ba za ta gane haɗarin doguwar naƙuda ba, wadda ita ce babbar sanadin yoyon fitsari. Haka yaron da bai san yadda ake ɗaukar sida ba, zai guji cin abinci da mai cutar, alhali ba ta nan take yaɗuwa ba, ya kuma bar ainihin ƙofar a buɗe. Abin da malami bai faɗa ba, wayar salula da hirar tsara za su faɗa, galibi a karkace.

Fargabar iyaye ita ce darasin zai buɗe idon yara. Wannan fargaba ta cancanci a saurare ta. Sai dai jagoran da hukumar UNESCO ta fitar a 2009, ta kuma sabunta a 2018, ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna cewa ingantaccen darasi ba ya ingiza matasa ga lalata. Sau da yawa ma yakan sa su jinkirta. Bugu da ƙari, batun ba baƙo ba ne a wurinmu. Ɗalibin da ya karanta Ahalari a zaure ya riga ya ji hukuncin haila da jinin biƙi da wankan janaba.

Saboda haka, wajabtawa kaɗai ba ta isa ba. Darasin 2014 shi ne manhajar da aka rubuta ba tare da malaman addini da iyaye ba, ba ta daɗewa. Jihar Damagaram tana da misali mai kyau: makarantun mazaje da aka fara a 2008 da tallafin UNFPA sun karɓu, domin an bi ta hannun sarakuna da limamai. Akwai kuma batun horo: malamin da bai samu horo a makarantar horon malamai ba, kunya za ta sa ya tsallake babin. Tun da kundin 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya dace a tanadi kalmomi masu ladabi da daidaito cikin harshen da yara ke ji.

Shawararmu gare ka ita ce: halarci taron iyayen yara, ka nemi a nuna maka abin da ake koyarwa a darasin kimiyyar rayuwa, ka tambaya ko ungozoma ko jami'in lafiya ya duba shi, ka kuma nemi malama ta koyar da 'yan mata a keɓe inda hakan ya fi sauƙi. Rigakafi dai ya fi magani.